Mazari da Karofi: Ƙananan Sana'o'i a Tarihin Arzikin Kano

Idan aka tambayi ɗalibin tarihi ko su wane ne suka gina Kano, nan da nan zai fara jero sunayen sarakuna, Bagauda, da Gijimasu wanda ya fara ganuwa, da Rumfa, da Dabo. Bai yi ƙarya ba, haka aka koya mana tun muna firamare. Amma ganuwa ba ta ciyar da gari, sarki kansa kuwa da harajin jama'a yake riƙe fadarsa. Tambayar da nake so mu duba a wannan ɗan rubutu ita ce, shi wannan haraji daga aljihun wa ya fito? Mene ne mutanen gari suke yi har suka sami abin biya, suka kuma sami rarar da ta sa Balarabe ya ƙetaro hamada, Buzu ya gangaro daga Azbin, Banufe ya hauro daga bakin Kwara, kowa yana neman Kasuwar Kurmi?

Iyakar abin da na bincika, amsar ba ta wuce ƙananan sana'o'i ba. Abin da nake nufi da ƙaramar sana'a shi ne wadda mai ita yake sa hannunsa cikin aikin, 'ya'yansa ko yaransa biyu ko uku suna taya shi, jarinta kuma bai fi ƙarfin gida guda ba. Masaƙi ke nan da marini, da baduku da maƙeri, da ɗan koli, da matar da ke suyar ƙuliƙuli a bayan ɗakinta. Na zaɓi Kano domin ita ce aka fi rubuta labarin kasuwancinta, amma mutumin Katsina ko Zariya ko Sakkwato ko Damagaram, in ya karanta, zai ga garinsu a ciki.

Kurmi da sarakunanta

Littafin nan na Tarihin Kano, wanda aka buga shi da Hausa cikin Labarun Hausawa da Maƙwabtansu, galibinsa labarin yaƙe-yaƙe ne da naɗin sarauta. Duk da haka in mutum ya natsu zai tsinci zancen kasuwa nan da can. A zamanin Abdullahi Burja (1438–1452) aka buɗe hanya daga Barno zuwa Gwanja. A zamanin Yakubu gishirin Azbinawa ya yawaita a ƙasar Hausa. Sa'an nan Muhammadu Rumfa (1463–1499) ya kafa Kasuwar Kurmi, kuma marinar Ƙofar Mata ma da zamaninsa ake danganta kafuwarta, watau shekarar 1498.

Wurin da ya fi jan hankalina a littafin shi ne labarin sarakuna biyu na ƙarni na 18. A zamanin Muhammadu Sharefa (1703–1731) kuɗin wuri suka fara shigowa ƙasar Hausa, shi ne kuma ya ƙago hanyoyi bakwai na karɓar kuɗi daga hannun jama'a, waɗanda marubucin tarihin ya ɗauke su duka a matsayin ƙwace. Ɗaya daga cikinsu harajin Kasuwar Kurmi ne. Da ɗansa Kumbari (1731–1743) ya hau, sai ya ƙara matsa wa kasuwar, har malamai ma ya sa suka biya. Kasuwa ta kusa mutuwa. Larabawa suka kwashe kayansu suka koma Katsina, talakawa suka watse cikin ƙauyuka.

To, mai karatu ya lura da abin da ya faru a nan. Kumbari jarumi ne, yana da dawaki da barade, ya yi yaƙi da Gobir. Amma ya kasa tsare masaƙi a gari, domin masaƙi yana iya naɗe masaƙarsa ya ɗora a ka, kafin hantsi ya ba ganuwa baya. Dukiyar da ke warwatse a hannun mutane dubu tana da ƙafa. In an kyautata mata ta zauna, in an matsa mata ta tashi. Katsina ta ci ribar wannan a ƙarni na 18. Bayan jihadi kuma, da yaƙin Maraɗi ya hana Katsina sakat, sai harka ta juyo Kano, musamman a zamanin Ibrahim Dabo (1819–1846), lokacin da masaƙa da marina suka yi ta ƙaura suna zama a ƙasar Kano saboda zaman lafiya da faɗin kasuwar Daular Sakkwato.

Sunan dillali a cikin ƙunshi

Kyaftin Clapperton, mutumin Birtaniya, ya shigo Kano a watan Janairu na 1824. Ya kwatanta Kurmi da kyau: kowane irin kaya da layinsa, Sarkin Kasuwa ke ba da rumfuna haya, mai sayarwa kuma yakan mayar wa mai saye biyu cikin ɗari na kuɗin don albarka. Amma akwai wani abu guda da ya rubuta wanda a ganina ya fi duk sauran muhimmanci. Ya ce in mutum ya sayi riga ko turkuɗi a Kano, ya kai har Barno bai kwance ba, sa'an nan ya buɗe ya tarar da aibi, sai kawai ya aiko da shi a mayar, domin an rubuta sunan dillali a cikin kowane ƙunshi. Dillali kuwa tilas ya nemo wanda ya ba shi kayan a mayar da kuɗi.

Wannan ita ce maganin babbar cutar ƙaramin mai sana'a. Marinin da ke wani ƙauye kusa da Kura ba wanda ya san shi a Kukawa, saboda haka ba wanda zai yarda ya sayi kayansa a rufe. Sai dillali ya ara masa sunansa, ya ci la'adarsa. Abin da manyan kamfanoni suke yi yau da tambari da takardar garanti, 'yan Kurmi sun riga sun yi shi da alƙalami da tawada shekara 200 da suka wuce. Mun saba zagin dillali, mu ce yana ci bai yi gumi ba. Ni dai ban ga yadda tufar ƙauye za ta kai Barno ba tare da shi ba.

Lissafin Barth

Bayan shekara 27, a watan Fabrairu na 1851, Dokta Barth Bajamushe ya iso, yana kiran kansa Abdulkarim. Shi mutum ne mai son lissafi, saboda haka ya bar mana adadi. Ya ƙiyasta mazauna birnin sun kai 30,000, da rani kuwa in fatake sun cika gari sukan kai 60,000. Ya ce tufar da ake saƙawa a kuma rina a Kano tana zuwa arewa har Murzuk da Gat da Tarabulus, yamma kuwa har Tambutu da gaɓar teku. Tambutu kaɗai ana kai mata kayan raƙumi 300 a shekara. In an haɗa duka, tufar da Kano ke fitarwa a shekara ba ta kasa wuri miliyan 300 ba. Ga takalma kuma na kimanin wuri miliyan 10, ban da jemammun fatu.

Wuri miliyan 300 ba ya nuna mana kome sai mun auna shi da wani abu. Keso ɗaya wuri 20,000 ne, watau keso 15,000 ke nan. Barth kansa ya ba mu ma'auni mafi kyau, don ya ce da wuri 50,000 zuwa 60,000 iyali guda za su ci su sha su yi sutura shekara cur cikin wadata. In muka raba, za mu ga kuɗin tufar da ake fitarwa waje kaɗai sun isa su riƙe gida 5,000 zuwa 6,000 har shekara, ban da wadda ake sayarwa a cikin ƙasa, wadda kowa ke ɗaurawa. Barth ya fito daga Turai a lokacin da masaƙun injin suka cika da ma'aikata masu wahala, saboda haka abin da ya fi ba shi sha'awa shi ne duk wannan dukiya ba a wani katafaren gidan aiki ake yin ta ba. A gidaje ake yi, mutum yana aikinsa yana tare da iyalinsa.

Bari mu bi riga guda daga gona zuwa kasuwa, mu ƙirga hannun da ta ratsa. Manomi ya shuka auduga ya tsince. Mace ta saya ta gurje ta fid da angurya, ta shiɓe, ta zauna da mazarinta da alli ta kaɗa zare. Masaƙi ya sayi zaren ya saƙa shi siri-siri, faɗin 'yan yatsu. Maɗinki ya harhaɗa. In kore ake so sai a kai wa marini ya tsoma a baba, ya tsamo ya shanya, ya sake tsomawa, har ta yi baƙi wuluk. Daga nan sai mabuga, su zuba shuni su yi ta bugu a kan gungume har ta riƙa ƙyalli kamar ƙarfe. Sai dillali, sai falke, sai mai jaki ko mai raƙumi. Ban ƙirga mai noman baba ba, ko mai kawo toka, ko masassaƙin da ya sassaƙa gungumen bugu. Kowane ɗayansu mai kansa ne. Yakan sayi abin da na bayansa ya gama, ya ƙara nasa aikin, ya sayar wa na gaba, saboda haka ba wanda yake bukatar jarin riga sukutum. Jarin mai kaɗi mazari ne da auduga ta 'yan wuri. Kuɗin da Buzu ya biya a Agadas don rawani ɗan Kura kuwa, kafin su gama komowa sun shiga gida goma.

Wani zai ce ai irin wannan sana'a ba ta ci gaba, yadda kaka ya yi haka jika zai yi. Binciken marigayi Philip Shea, wanda ya daɗe yana koyar da tarihi a Jami'ar Bayero, ya rushe wannan zato. A digirinsa na 1975 kan rinin ƙasar Kano ya nuna cewa da can a manyan tukwane ake rini. Daga baya marina suka gano amfanin laso, watau katsin da ke kwantawa a gindin baba, a ƙone shi a haɗa da gashin awaki da ruwan dafara, ya zama kamar siminti. Da shi suka riƙa shafe ramuka masu zurfi, waɗanda suke cin tufa fiye da tukunya nesa ba kusa ba, ga daɗewa, ga sauƙin kuɗi. Abin da ake zubarwa ya zama kayan gini. Ba sarki ne ya ba da umurni ba, ba kuma wani masani ne ya zo da shi daga waje ba. Wannan dabara na cikin abin da ya sa tufar Kano ta fi ta maƙwabta araha a ƙarni na 19. Har ila yau karofi guda yakan ƙunshi ramuka masu yawa na mutane dabam-dabam, kowa da nasa, ana gadonsa, ana sayarwa, ana ba da haya. Sun taru wuri ɗaya don mai saye ya same su a sauƙaƙe, in wani ya gano dabara kuma kafin mako ta zaga kowa.

Akwai kuma wani amfani da mutumin birni yakan manta. A ƙasarmu damina wata huɗu ce zuwa biyar, sauran shekara rani ne. Yawancin masaƙa da marinan ƙauye manoma ne, in an gama kaka su koma kan sana'a. Wanda yake da sana'ar rani ba ya buɗe rumbunsa don biyan haraji ko sayen gishiri, hatsinsa sai ya kai shi wata damina. Wanda ba shi da ita kuwa yakan sayar da hatsi da kaka lokacin da yake araha, ya dawo ya saya da bazara lokacin da ya yi tsada. Tun kafin masana su rubuta wannan, Bahaushe ya ce sana'a sa'a.

Ba zan wuce nan ba sai na faɗi ɗaya gefen, don kada a ce na shafa wa tarihi mai. Wani kaso na audugar nan da baban nan bayi ne suka noma su a rinjojin sarakuna da attajirai, kuma a cikin Kurmin da Clapperton ya yaba akwai rumfunan da ake sayar da mutane. Barth ma ya sa bayi cikin lissafin kayan da Kano ke fitarwa. Arahar tufar Kano akwai gumin wanda ba a biya ba a cikinta.

Ayari

Fatauci kuma fa? In mutum ya ji an ce ayarin Gwanja mai jakuna ɗaruruwa, sai ya zaci dukiyar attajiri guda ce. Galibi ba haka ba ne. Ayari taron ƙananan fatake ne, wani da jaki biyu, wani da biyar, wani kayansa a ka, suka haɗu ƙarƙashin madugu don tsaron hanya da sasanta kuɗin fito da sarakunan da za a ratsa ƙasarsu. Su ɗauki tufa da kanwa da kayan fata su kai Salaga, su sayo goron Asante. Barth ya ƙiyasta goron da ke shigowa Kano a shekara ya kai na wuri miliyan 100. Paul Lovejoy, a littafinsa na 1980 kan fataucin goro, ya nuna jama'a uku ne suka fi riƙe wannan hanya, Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari. Agalawa da Tokarawa asalinsu talakawa ne da suka baro ƙasar Buzaye, ba su zo da sarauta ko dukiya ba.

Ayari makaranta ce. Yaro yakan fara da korar jakin ubangidansa, ya koyi hanya da harsuna da yadda ake fifita goro a canja masa ganye kada ya lalace. In ya nuna amana sai a ba shi ɗan jari ya juya, wata rana shi ma ya zama mai yara. Alhasan Ɗantata, wanda aka haifa a Bebeji a 1877 cikin Agalawa, ta wannan hanya ya taso. Ya yi fataucin Gwanja, ya zauna a Ankara, yana cikin waɗanda suka fara ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko maimakon bin daji wata da watanni. Da ya rasu a 1955 ana lissafa shi cikin mafiya arziki a Afirka ta Yamma. Mukan tuna ƙarshensa mu manta farkonsa.

Turawa sun so auduga, suka sami gyaɗa

A ganina babu inda ƙarfin ƙananan 'yan kasuwa ya bayyana kamar a shekarun farko na mulkin Turawa. Sun ci Kano a watan Fabrairu na 1903. Babban burinsu a Arewa shi ne auduga, don masaƙun Lankasha na neman inda za su samu ban da Amurka. Ƙungiyar noman auduga ta Birtaniya, wadda aka kafa a 1902, tana cikin masu matsa wa gwamnati ta shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa. Dogo ya iso Kano a 1911, aka buɗe shi don ɗaukar kaya a watan Afrilu na 1912. Aka kafa injin gurzar auduga a Zariya, aka zauna ana jiran kaya.

Auduga ba ta zo yadda aka zata ba. Dalili kuwa mai sauƙi ne: masu kaɗi da masaƙan gida suna biyan manomi fiye da abin da Turawa ke biya. Tsohuwa da mazarinta ta fi kamfanin Ingila tayi. A wannan lokaci kuma Turai na neman man gyaɗa don yin man shafa burodi da sabulu, kamfanoni suka fara sayen gyaɗa a Kano da tsada. Tsofaffin fataken goro, irin su Umaru Sharubutu da Maikano Agogo, daga baya da Ɗantata, suka hango riba. Suna da yara a kowane ƙauye, suna da amanar manoma, sai suka baza su da gishiri da tufafi da kuɗi, a ba manomi tun kafin shuka, ya biya da gyaɗa da kaka. Manomi shi ma ya yi nasa lissafin. Gyaɗa ta fi auduga riba a ƙasar jigawa irin ta Kano, ana shuka ta tare da gero da dawa, harawarta abincin dabbobi ce, in kasuwa ta faɗi kuma ana iya cinta. Auduga ba ta shiga tukunya.

Ga abin da ya biyo baya, kamar yadda Jan Hogendorn ya tattara a littafinsa na 1978. A 1912 gyaɗar da Nijeriya ta fitar ba ta kai tan 3,000 ba. A 1913 ta haura tan 19,000, har tashar Kano ta cika jirgi ya kasa kwashewa. Fari da yunwar Kakalaba ta 1914 da Yaƙin Duniya suka dakushe abin, amma a 1916 ta kai wajen tan 50,000. Ba jami'in gona ne ya tsara wannan ba. Gwamnati tana kallon gabas, abin ya ɓullo ta yamma. Dalar gyaɗar da ta zama alamar Kano har zuwa shekarun 1970, daga 'yan kadada da mudu-mudu aka tara ta. Da aka kafa hukumar sayen gyaɗa a 1949, ta riƙa biyan manomi ƙasa da farashin duniya tana ajiye rarar, da wannan rara aka yi ayyuka da dama na Jihar Arewa. Har masaƙar Kaduna ta farko, wadda ta fara aiki a 1957, akwai kuɗin hukumar kasuwanci ta Arewa a jarinta. Watau babbar masana'anta ma a bayan ƙaramin manomi ta hau.

Kasuwar da ba ta da rumfa

Duk lissafin da na kawo a baya na abin da ido ke gani ne. Akwai wata kasuwa da Clapperton da Barth ba su shiga ba, domin a cikin gidaje take. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a ƙarshen shekarun 1960, ta lura cewa cinikin hatsi da mai da abinci mai yawa a garin ba ya bi ta kasuwa ko kaɗan. Matan kulle ke yinsa daga gida zuwa gida, yara ne ƙafafunsu. Ta kwatanta shi da saƙar zuma, ɗaki-ɗaki amma duk a haɗe. Mai fura, mai ƙosai, mai man gyaɗa, mai daddawa, mai saƙar hula, kowace da jarinta, kuma ribarta tata ce, ko miji bai isa ya taɓa ba sai da yardarta. Bankinsu adashi, ajiyarsu akuya da kwanonin jere. Da wannan ake yi wa 'ya kayan ɗaki, da shi ake rufa wa maigida asiri in rumbu ya yi ƙasa.

Shi ma wannan yana da nasa tabon, don talla ta hana 'yan mata da yawa zuwa makaranta. Amma duk wanda yake son a hana talla, ya kamata ya fara tambayar kansa ta wace hanya ƙosai zai fita daga gida ya je ga mai saye, in ba haka ba ya kashe wa uwa jari bai sa 'ya a aji ba.

Manya sun faɗi

Bayan samun mulkin kai a 1960, masu tsara tattalin arziki sun ɗauka ci gaba shi ne babban inji. Aka cika Kakuri a Kaduna da masaƙu, aka buɗe Sharaɗa da Chalawa a Kano. Ba na musun amfaninsu, sun ɗauki dubban ma'aikata suna biyan albashi a kan kari. Sai dai sun dogara ga wutar lantarki da kayan gyara na waje da kariyar kwastan. Da darajar Naira ta faɗi bayan 1986, wuta ta yi ƙaranci, atamfar Sin mai araha ta cika kasuwa, sai suka fara rufewa ɗaya bayan ɗaya. Masaƙar Kaduna ta 1957 ta tsaya a 2002, babbar cikinsu kuma, UNTL, ta rufe ƙofa a 2007. Rana guda dubban magidanta suka wayi gari ba aiki. In rami ɗaya ya mutu a karofi gida ɗaya ke kuka, in masaƙa ta rufe kuwa unguwa ce sukutum. Ina waɗannan ma'aikata suka nufa? Wasu acaɓa, wasu tireda, wasu ɗinki, wasu suka koma gona. Ƙananan sana'o'in da aka raina su suka karɓe su.

Adadin gwamnati ma ya tabbatar da haka. Binciken da hukumar SMEDAN ta yi tare da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ya nuna a ƙarshen 2020 akwai ƙanana da matsakaitan sana'o'i kimanin miliyan 39.6 a Nijeriya, fiye da 96 cikin 100 daga cikinsu 'yan ƙanana ne ƙwarai, kuma su ke samar da kusan 46 cikin 100 na arzikin da ƙasa ke samarwa a shekara, da fiye da 80 cikin 100 na ayyukan yi. Mu da muke jami'a, da yawanmu da ribar goro ko ɗinki ko awara aka biya mana kuɗin rajista, amma in mun gama sai mu ga ɗan tireda bai kai mu zauna benci ɗaya da shi ba, mu yi shekara uku muna yawo da takardu a ofisoshi. Wannan raini ba daga kakanninmu muka gaje shi ba, don a zamaninsu malami ma yakan yi ɗinki ko fatauci.

Ban ce ƙaramar sana'a ba ta da rauni ba. Jarinta a aljihu ɗaya yake da kuɗin cefane, ciwo ɗaya ko biki ɗaya ya isa ya cinye shi. Ba a cika rubuta lissafi ba, saboda haka banki ba ya ba da rance. In mai ita ya rasu aka raba gado, sau da yawa sana'ar ta bi shi. Gobara irin wadda ta cinye Kasuwar Sabon Gari a 2016 takan mai da mutum fanko dare ɗaya, don ba inshora. Kuma ba kowace sana'a ce ta tsira ba. Kaɗi ya kusa ɓacewa, masaƙan gargajiya sun ragu ƙwarai, a Ƙofar Mata ramuka da yawa sun bushe, 'yan kaɗan ake aiki da su.

Sai dai shi rinin kansa bai bar Kano ba, kama ya sāke. Marina na yanzu farar shadda suke saya, su rina ta da garin rini na kanti a cikin rabin ganga a bakin lungu, su kai wa mabuga su buge ta da irin gungumen da aka san su da shi. Daga nan ta shiga Kantin Kwari, inda 'yan kasuwa daga Maraɗi da Damagaram da Agadas da Injamena suke zuwa su yi sari, a ɗaure musu a ɗora a mota.